Ɗan Zariya a Kan Ƙanƙara: Abin da Na Gano a Garin Hearst na Kanada

A can arewacin lardin Ontariyo na ƙasar Kanada akwai wani ƙaramin gari mai suna Hearst, mutanensa kimanin dubu biyar. Daji ne ya kewaye shi gabas da yamma, kudu da arewa, dogayen itatuwa masu tsini waɗanda ba sa zubar da ganye ko da ƙanƙara ta lulluɓe su. Da katako yawancin magidantan garin suke ci: wasu su sare, wasu su yi jigila a manyan motoci, wasu su tsaga a masana'anta. Lardin na masu Ingilishi ne, amma kusan duk wanda ka gamu da shi a titin Hearst da Faransanci zai gaishe ka. Shi ya sa jami'ar garin, wadda ta soma a 1953 a matsayin makarantar horar da limaman coci, ta zama matattarar ɗaliban Afirka masu Faransanci. Ɗan ƙanwata yana cikinsu, kuma shi ne sanadin zuwana.

Cikin hunturu na bar Madarunfa, lokacin da masunta ke jinkirta shiga tafki sai rana ta ɗan ɗaga. Na kama hanyar Maraɗi, na hau kar zuwa Yamai, jirgi ya bi da mu ta Kazablanka ya sauke mu a Montreal. Daga nan sai Toronto, sai wani ƙaramin jirgi zuwa Timmins, sannan mota ta ci kilomita wajen 260 a kan hanya mai lamba 11, ta ratsa Kapuskasing, kafin fitilun Hearst su bayyana.

Mu da muke ƙorafi in jaura ta busa, mu hura wuta a ƙofar gida muna jin ɗumi, ba mu san sanyi ba. A Hearst ma'auni kan sauka zuwa digiri 30 ƙasa da sifili. Numfashin mutum yana daskarewa a gemunsa. Da dare sai ka ga an jona wa kowace mota igiyar lantarki ta gaba, don kada injin ya sandare kafin safiya. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar, har sai mutum ya yi hanzari tsakanin la'asar da magariba. Na ɗauka irin wannan wuri kowa zai ƙule a ɗaki ya jira bazara. Sai yaron ya ce da ni: "Kawu, in kana son ganin mutanen garin nan, ba kasuwa za mu je ba. Sa rigarka mai kauri, mu tafi filin ƙanƙara."

Filin da wasansa

Filin wani katafaren zaure ne mai rufi, an sa masa sunan Claude Larose, ɗan garin da aka haifa a 1942, wanda ya ci Kofin Stanley, babban kofin wasan ƙanƙara, sau biyar da ƙungiyar Montreal Canadiens. A ranar da muka je ƙungiyar matasan garin, Hearst Lumberjacks, take wasa, kuma ga alama babu gidan da bai aiko da wakili ba. Tsofaffi da barguna a cinya, mata da jarirai a ƙirji, yara suna ta buga allon gilashin da ya kewaye filin.

Dandalin ƙanƙarar yana da tsawon mita wajen 60 da faɗin mita 26, kusurwoyinsa a lanƙwashe. Kowane ɓangare mutum shida ne: mai tsaron raga, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. A ƙarƙashin takalmin kowa akwai siririn ƙarfe mai kaifi, a kansa yake sulalewa. A hannunsa akwai doguwar sanda mai lanƙwasa a baki, da ita ake kora wani baƙin faifan roba mai tauri, girmansa kamar na wainar shinkafa, nauyinsa gram 170 ko kusa da haka. Ana daskarar da faifan kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. In ƙato ya narka masa sanda, gudunsa kan wuce kilomita 150 a awa, kuma mai tsaron raga da jikinsa zai tare. Zango uku ake yi, kowane minti 20. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya cika minti ɗaya a ciki sai ya faɗa benci wani ya diro, ba tare da an tsai da wasa ba. Wanda ya yi ƙeta, alƙali ya tura shi kejin horo na minti biyu, 'yan'uwansa su yi ta fama da gurbinsa. In dambe ya kaure, minti biyar ne.

Tsakanin zango da zango wata mota mai suna Zamboni takan shigo, ta kankare saman ƙanƙarar da takalma suka farfasa, ta shimfiɗa ruwan zafi, nan take ya daskare ya yi sumul. Yara suna ɗaga wa direbanta hannu kamar wani babban mutum, kuma a idonsu babban mutum ne.

Wasan ya burge ni matuƙa. Amma abin da ya fi zauna mini a rai na gan shi ne washegari da asuba, da muka koma lokacin horon ƙanana. Gari bai waye ba, motoci sun cika farfajiya. A ɗakin sauya kaya na ga wani magidanci da kayan aikin masana'anta a jikinsa, ya durƙusa gaban 'yarsa da ba ta wuce shekara shida ba. Ya ɗora ƙafarta a cinyarsa, yana jan igiyar takalmin rami bayan rami, yana tambayarta ko ya matse. Ya gama, ya gyara mata hular kwano, ya ƙwanƙwasa samanta sau biyu da yatsa, ta miƙe tana tangaɗi a kan ƙarfe. Da ta shiga fili ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa. Uban bai ruga ba, bai kuma yi tsawa ba. Kocin, wanda aka ce mini makanike ne kuma ko sisi ba a biyansa, ya sulalo ya durƙusa a gefenta ya nuna mata yadda ake kafa gwiwa ɗaya a miƙe. Darasin farko ke nan da ake koya wa kowane yaro a wurin: yadda ake tashi.

A gefen filin wata mata tana zaune da takarda da biro. Duk wasan da aka yi, ko na 'yan shekara tara ne, sai an rubuta wanda ya jefa, da wanda ya ba shi, da minti nawa, da wanda aka hora. Ita ma aikin sa kai take yi. A ƙofar shiga kuma ga tarin takalma da sanduna da huluna waɗanda suka yi wa masu su kaɗan, an ajiye don na baya su samu da sauƙi.

Haifaffen Zariya

A bencin 'yan kallo na zauna kusa da wani dattijo mai kofin gahawa a hannu. Da ya ji daga inda na fito, sai ya tambaye ni ko Nijar tana kusa da Najeriya. Na ce daga garinmu zuwa iyaka ta Ɗan Isa tafiyar ɗan lokaci ce. Ya ce to ai garinsu ya taɓa renon wani yaro haifaffen can, har ya kai babbar gasa. Ya faɗi sunansa: Rumun Ndur.

An haifi Rumun Ndur a Zariya ranar 7 ga Yuli, 1975. Wanda ya tashi daga Madarunfa da safe, ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina da Funtuwa, zai kwana a garin da aka yanke masa cibi. Yana ƙarami iyayensa suka ƙaura zuwa Kanada, ya taso a Hearst, cikin wannan sanyi, tare da 'ya'yan masu saran itace. Abin da ake yi wa kowane yaro a garin shi aka yi masa: aka ɗaura masa takalmi aka tura shi kan ƙanƙara.

A 1992, yana ɗan shekara 17, ya shiga Guelph Storm, ƙungiyar gasar manyan matasa ta Ontariyo. Wannan mataki shi ne matatar da ake tace 'yan wasa. Samari masu shekara 16 zuwa 20 ne, suna buga wasa sama da 60 a kaka guda, suna kwana a mota daga gari zuwa gari, kuma masu farautar gwanaye na manyan ƙungiyoyi suna zaune a saman benci da littattafansu. Ndur dogo ne kakkaura, ɗan baya, irin wanda aikinsa shi ne tare hanya da kare 'yan'uwansa.

Babbar gasar ita ce NHL, wadda aka kafa a Montreal a 1917, yau tana da ƙungiyoyi 32 a Kanada da Amurka. Kowace shekara ƙungiyoyin sukan taru su zaɓi matasa bi da bi, kuma waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ake fifitawa wajen zaɓen farko, don kada ƙarfi ya taru a hannu ɗaya. A zaɓen 1994 ƙungiyar Buffalo Sabres ta kira sunan Ndur, shi ne na 69. Kiran suna ba ya nufin an isa. Aka tura shi Rochester Americans, ƙungiyar da Buffalo ke renon 'yan wasanta a gasa ta biyu, kuma a kakarsa ta farko, a 1996, suka ɗauki Kofin Calder, kofin wannan gasa. A kakar da ta biyo baya Buffalo ta kira shi sama. Ranar da ya taka ƙanƙarar NHL, ya zama haifaffen Najeriya na farko da ya yi hakan.

Daga nan rayuwarsa ta zama ta jaka a kafaɗa. A hau da shi, a sauko da shi. A tsakiyar kakar 1998 zuwa 1999 New York Rangers ta ɗauke shi, ya sa riga ɗaya da Wayne Gretzky, wanda mutanen wasan suka yarda ba a yi kamarsa ba, a kakar da Gretzky ya yi ban kwana da fili. Bayan nan ya koma Atlanta Thrashers a shekarar da aka kafa ta. Jimillar abin da ya yi a NHL wasa 69 ne: ya jefa biyu, ya taimaka aka jefa uku, ya yi minti 137 a kejin horo. Waɗannan alƙaluma kaɗai sun isa su gaya maka irin aikin da aka ɗora masa. Shi ne wanda ake turawa in abokan hamayya sun fara cin zalin gwanayen ƙungiya.

Da ƙofar babbar gasa ta rufe bai rataye takalmi ba. Ya ci gaba a ƙananan gasanni na Amurka, har da Danbury Trashers, ƙungiyar da ta yi suna wajen faɗa. Ya haye Turai, ya buga wa Coventry Blaze da Nottingham Panthers a Ingila bayan ya haura shekara talatin. Haka rayuwar mafi yawan ƙwararrun wannan wasa take: 'yan shekaru a sama in an yi sa'a, shekaru masu yawa a hanya, gwiwa da kafaɗa suna biyan kuɗin.

Na lura da yadda dattijon yake faɗin sunansa. Bai ce wasa 69 kawai ba. Ya ce ya kai NHL, ya ɗaga yatsa sama. A ƙasar da dubban ɗaruruwan yara ke da rajistar wannan wasa, kuma kujerun babbar gasa ba su kai dubu ba, ga 'yan Amurka da Rasha da Suwidin da Finlan suna nemansu su ma, wanda ya zauna a ɗaya ko na dare guda ne ya ci sunansa. Mutanen Hearst sun san tsawon tsanin, shi ya sa ba sa raina wanda ya hau.

Tsanin da aka kafa

Tsanin nan shi ne abin da na fi sha'awa a duk tafiyar. Yaro ya fara yana ɗan shekara huɗu ko biyar. An raba yara aji aji bisa shekaru, kowa da sa'ansa yake karawa. Wanda ya yi fice a garinsu a kai shi ƙungiyar yanki, daga nan gasar matasa, daga nan zaɓe. Kowane mataki da alƙalansa, da kocinsa mai takardar horo, da littafinsa. Yaron da ke ƙauyen da ya fi kowane nisa ya san inda zai sa ƙafa gaba, kuma mai neman gwani ya san inda zai duba.

Akwai kuma riƙo. Saurayi ɗan shekara 16 da ƙungiyar wani gari mai nisa ta ɗauka ba a barinsa ya kama haya. Wani gida ne a garin zai karɓe shi, a ba shi ɗaki, ya ci abin da 'ya'yan gidan suke ci, uwar gida ta tabbatar ya je makaranta kuma ya dawo kafin lokacin da aka yanka. Ƙungiya tana ba da ɗan abin cefane, amma kowa ya san ba ya isa ciyar da saurayi mai wasa. Don son garinsu da son wasan suke yi. Na ji daɗin ganin wannan a ƙasar da ake ce mana kowa tasa ta fisshe shi.

Claude Giroux ya nuna wani gefen na tsanin. Shi ma ɗan Hearst ne, an haife shi a 1988, iyayensa suka koma kusa da Ottawa yana matashi. Da lokacin zaɓen gasar matasa ta Ontariyo ya zo, babu ƙungiyar da ta ɗauke shi, ana ganin jikinsa ya yi ƙanƙanta. Amma da yake ƙofa ba ɗaya ba ce, Gatineau Olympiques ta gasar Kebek ta ba shi dama, ya nuna abin da yake da shi. A 2006 Philadelphia Flyers ta zaɓe shi na 22. Ya zama kyaftin ɗinta a 2013, ya buga mata wasa dubu cif, sannan a 2022 ya koma Ottawa Senators, inda ya cika maki dubu. Larose, Ndur, Giroux: gari mai mutum dubu biyar, zamani uku, 'yan wasa uku a ƙololuwa. Wannan ba sa'a ba ce. Aikin asuba ne na shekara da shekaru.

Gidan tunawa a Toronto

A hanyar dawowa na tsaya a Toronto na shiga gidan da suke adana tarihin wasan. A wani tsohon ginin banki mai rufin gilashi aka ajiye Kofin Stanley, wanda gwamnan Kanada na lokacin, Lord Stanley, ya bayar a 1892. Da farko kwano ne kawai na azurfa, aka yi ta ƙara masa gindi, saboda duk ƙungiyar da ta ci sai an sassaƙa sunayen 'yan wasanta a jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Na ga wani tsoho yana bin sunayen da yatsa yana nuna wa jikansa.

A nan na tarar da labarin Willie O'Ree, baƙar fata na farko da ya buga a NHL, ranar 18 ga Janairu, 1958, da rigar Boston Bruins. Faifan roba ya riga ya kashe masa idon dama tun yana matashi, ya ɓoye, ya ci gaba da wasa da ido ɗaya. An shigar da shi gidan a 2018. Na kuma ga Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, haifaffen Edmonton a 1977, kyaftin ɗin Calgary Flames na shekaru masu yawa. Ya jefa 625 a NHL, ya ci wa Kanada zinare a gasar Olamfik ta 2002 da ta 2010. Jinin Afirka ta Yamma ya daɗe a kan wannan ƙanƙara, mu ne labarin bai iso mana ba.

Wasan yana da tabonsa, kuma masu shi ba su ɓoye mini ba. Yana da tsada, har iyalai da yawa sukan janye 'ya'yansu in an kai matakin tafiye-tafiye. Bugun kai da damben da ake ɗora wa irin su Ndur sun bar wasu da ciwon da ke bin su har tsufa. Wariyar launi ma ba ta ƙare da zamanin O'Ree ba. Akim Aliu, wanda aka haifa a Okene ta Najeriya a 1989, ya fito a 2019 ya bayyana zagin wariya da wani koci ya yi masa shekaru da suka wuce, kuma cikin 'yan kwanaki kocin ya bar kujerarsa a Calgary. Abin da na yaba shi ne maganar ba ta mutu a ɗaki ba. An buga a jarida, an yi muhawara, an sauya dokoki kan bugun kai, kuma iyaye suna tambayar koci hujja.

Abin da ya shafe mu

A shekarar da aka haifi Ndur a Zariya, wato 1975, aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a Tawa, kuma ɗan jihar Maraɗi, Yakuba Ango Kantu, shi ya ɗauki takobi, kyautar zakaran gasar. Yau filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Don haka mu ma muna da wasan da ke tsai da ƙasa cik. In lokacin takobi ya zo, daga Difa har Tilaberi kowa kunnensa yana kan rediyo, mai shayi ya manta da butarsa a wuta. Muna da makaɗa da kirari, muna da jihohi takwas masu aiko da zaratansu, muna da irin su Isaka Isaka na Doso da ya ɗauki takobi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. A waje ma an san mu: Isaka Dabore ya kawo tagulla a damben Olamfik na 1972, Abdul Razak Alfaga ya kawo azurfa a tekwando a 2016. Ƙarfi da zuciya ba su ne suka yi mana ƙaranci ba.

Abin da Hearst ta fi mu shi ne ƙasan tsanin. Bayan girbi, a ƙauyukan da ke kewaye da tafkin Madarunfa da bakin Gulbi, yara suna kokawa a kan rairayi da hasken wata, kuma a cikinsu akwai waɗanda in ka ga kamunsu sai tsigar jikinka ta tashi. Wa yake rubuta sunansu? Yaron da ya kā da sa'anninsa duka bana, baɗi sai ka ji ya tafi ci-rani, shi ke nan an rasa shi. Tsoffin 'yan kokawarmu, waɗanda suka san sirrin ƙafa da ƙugu, suna zaune a gindin bishiya da iliminsu, ba wanda ya ce su zo su koyar. Mukan san ɗan kokawa ne bayan ya riga ya yi kansa da kansa, sannan mu taru mu yi masa kari.

Babu abin da na gani a filin Claude Larose da ya fi ƙarfinmu, in aka cire injin sanyaya ƙasa, wanda mu ba ma bukata. Rairayi kyauta ne. Littafi da biro ba su kai kuɗin buhun gero ba. Riƙon ɗan wani kuwa gadonmu ne tun kaka da kakanni. Gida nawa ne a Maraɗi ba su taɓa riƙe ɗan ƙauye mai karatu ba? Abin da ake nema shi ne mutanen da za su ɗauki abin da nauyi: malamin lakwal da zai raba yara bisa shekaru ya shirya musu karawa ranar da babu aji, tsohon ɗan kokawa da za a girmama a ba shi yara goma, likitan gari da zai duba su kafin su shiga fili, ɗan kasuwa da zai ɗauki kuɗin mota zuwa ƙauyen gaba, da mai rubutu da zai zauna a gefe ya rubuta wa ya kā da wa. Sharaɗi ɗaya za a kafa tun farko, irin wanda gidajen riƙo na Kanada suke tsayawa a kai: yaron da ya bar karatu, na boko ko na allo, ya bar fili.

Mutanen Hearst an ba su wata shida na sanyin da ke iya kashe mutum, suka gina zaure a kansa, suka tashi da asuba, suka ɗaure wa 'ya'yansu takalmi har da ɗan baƙon da ya zo musu daga Zariya. Na yaba musu da zuciya ɗaya. Mu an ba mu rairayi da rani mai tsawo da yara masu ƙashi. Kaka mai zuwa, in Allah ya kai mu, in an gama ɗaure dammuna aka buga gangar farko a dandali, ina roƙon kowace unguwa ta Madarunfa ta fito da mutum ɗaya mai littafi, mu fara da sunayen 'yan shekara goma.